Albasa tamu, kasuwa tamu, amma wa ake tambaya?

Matasan Madawa, Buza da Keita, na gida da waɗanda ke ci-rani.

Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da garuruwanmu. Ba kukan kansilolin da aka zaɓa a Disamban 2020 na zo yi ba, don da yawansu ba mu ga abin da suka tsinana ba. Amma kansila ko malalaci ne maƙwabcinka ne, ka san ƙofar gidansa, kana iya tare shi bayan sallar Juma'a ka faɗa masa magana. Kantoma kuwa naɗo shi aka yi. Yana iya zama mutumin kirki, wasunsu ma suna ƙoƙari, sai dai ba kasuwa ce ta ɗora shi ba, ba ita za ta sauke shi ba. To wa ke faɗa masa abin da ke damun mai rumfa? Amsar ita ce duk wanda ya fi kusa da kunnensa. Kuma mun san su wa ke kusa.

Shi ya sa nake cewa kowane gari cikin ukun nan ya kafa kwamitin masu sana'a da 'yan kasuwa da zai riƙa zama da ma'aikatar magajin gari kan tattalin arziƙin garin. Mu za mu kafa shi. Idan muka jira a kafa mana, za a kawo mana Alhazai goma sha biyu da hoto a Facebook.

Ku dubi albasa. Duk Afirka ta Yamma an san albasar Galmi, kuma babban kason abin da ake kira da wannan suna daga fadamun Tarka da Maggiya yake fitowa, daga lambunan Madawa da Sabon Gida da Karofane har zuwa Tamaske. Manomi ya ci bashin iri, bashin taki, bashin man injin ban ruwa. Watan Maris da Afrilu kowa ya haƙe lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Mai bashi na tsaye a ƙofa, dole ya sayar. Buhun ma ba buhu ba ne, sai an cusa shi har ya yi hula, kuma kuɗin buhu ɗaya za a biya. Wanda ya daure ya zuba a rudu, zafi da damina su ruɓar masa da wani kaso. Zuwa ƙarshen shekara buhun nan ya ninka kuɗinsa, amma a hannun wani. Wannan labarin kakanninmu sun san shi, mu ma mun gaje shi kamar gona. Abin da ban gane ba, ina zauren da mai lambu da dillali da mai mota da mai karɓar haraji za su zauna gaba da gaba su tsayar da awo ɗaya na buhu a kasuwar gari? Babu. Kowa na zagin kowa a rumfar mai shayi, shi ke nan.

Kuma abin da ke faruwa can nesa a kanmu yake ƙarewa. A Yulin 2021 hukumomin Accra suka tashi 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, cikinsu har da 'yan uwanmu da yawa. A ƙarshen Yulin 2023 CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, iyakar Najeriya ta rufe, ba a buɗe ta ba sai Maris 2024, ta Benin kuma ta zama wani dogon zance. Duk lokacin da irin wannan ta faru, motoci su tsaya, kaya su lalace, ɗan ƙauye shi ne na ƙarshen ji kuma na farkon asara. Kwamitin gari ba zai buɗe iyaka ba, na sani. Amma zai iya sanar da manoma da wuri, ya nemi a sassauta kuɗin kasuwa a watannin wahala, ya kai kuka Tawa da murya ɗaya maimakon kowa ya kira ɗan uwansa da ke ofis.

Za a ce mini ai akwai majalisar 'yan kasuwa ta ƙasa, CCIN, da reshenta a Tawa, akwai RECA da majalisar manoma ta jiha, akwai ANFO ta masu albasa. Gaskiya ne, kuma ban raina aikinsu ba. Amma waɗannan na jiha ne da na ƙasa. Ba su za su zo su ce ina za a gina makewayi a kasuwar Buza ba, ko wace hanyar lambu za a fara zuba wa tsakuwa kafin damina, ko me ya sa tikitin da ake yanka wa mai tallar ƙuli-ƙuli ba shi da lamba. Waɗannan ƙananan abubuwan su ne tattalin arziƙin gari, kuma su ne ba mai su.

Wasu kuma za su ce wannan tsarin Turawa ne. Haba! Sarkin kasuwa, sarkin fawa, sarkin dillalai, sarkin maƙera, tun kafin Bature ya taka Adar suna nan, kuma aikinsu ke nan, kai maganar masu sana'a gaban mai mulki. A shigo da su, da girmamawa. Sai dai kada a tsaya a kansu, don akwai sana'o'in da ba su da sarki: 'yan kabu-kabu, masu gyaran waya, masu cajin batir, masu walda, da matan da ke saƙar tabarmar kaba da ta sa aka san Madawa.

Maganar mata ita ce ta fi ci mini rai. Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, tare da FAO da PAM, duniya ta yaba masa: miliyoyin itatuwa, madatsun ruwa, tuddan da suka mutu suka farfaɗo. Su wa suka ɗauki duwatsun a ka? Mata, don mazan sun tafi Najeriya da Kodebuwa da Libiya neman kuɗi. Iyayenmu ne da kakanninmu, suna aiki ana biyansu da abinci. A Maggiya ma tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro na tare iska da taimakon CARE. Hannun talaka ya yi aikin. Amma idan aka zo zaman yanke shawara kan abin da ƙasar ta haifar, sai a ce mata su kawo ruwa. Kwamitin da babu mata aƙalla kashi ɗaya cikin uku, ni dai ba da ni ba.

Ga yadda nake ganin a tsara shi. Kowace sana'a ta zaɓi wakilinta da kanta, a fili, ba a rubuto suna daga ofis ba. Wa'adi shekara biyu, a sake zaɓe. Babu kuɗin zama, ko dala. Na halarci wani taron bita a otal inda aka kwana uku ana zancen “ci gaban gida”, mutane suna sa hannu a takarda su karɓi ambulan su fice, babu mai lambu ko ɗaya a ɗakin. Ranar da aka sa kuɗin zama, ranar kwamiti ya zama gadon masu dogon hannu. A yi zama sau ɗaya a wata, da Hausa, da Tamashek inda ake buƙata, abin da aka tattauna a karanta shi a rediyon gari, a tura shi da murya ta WhatsApp don 'yan ci-rani su ji, tunda kuɗinsu ne ke gina rabin shagunan. Mu da muka yi boko aikinmu rubutu da lissafi, ba shugabanci ba. Digiri ba ya sa ka san kasuwar albasa fiye da wanda ya shekara talatin a cikinta.

Kuma kada a fara da manyan buri. Buƙata ta farko guda ce: nawa ake tarawa a kasuwar gari kowace ranar kasuwa, daga tikiti da kuɗin rumfa da na dabbobi da na lodin motoci, kuma ina suke tafiya? A rubuta a allo a ƙofar ma'aikatar magajin gari duk ƙarshen wata. Kantoman da ke da gaskiya wannan taimako ne gare shi, don mutum ya fi saurin biyan haraji idan ya ga magudanar da aka gina da shi. Wanda ya ƙi kuwa, ya faɗa mana dalili a gaban mahauta da matan tabarma.

Dokar ƙungiyoyi ta 1984 tana nan ga masu son rajista, amma zaman farko ba ya jiran takarda. Wanda ke Madawa ya fara da masu lambu da dillalai kafin haƙar albasa mai zuwa. Na Buza da Keita ku rubuto mana sana'o'in da ke kasuwarku da wanda kowace ta yarda ya yi magana da sunanta, za mu haɗa jerin mu wallafa a wannan shafi.