Zancen Malami: Kafin Ku Sayi Kyamarar Gwanjo

Iyaye da dama suna tambaya ko ya dace a bar yaro ya kashe ɗan abin da ya tara wajen sayen tsohuwar kyamara, irin wadda ba ta cin fim, tun da ga waya a kowane aljihu. Mu dai a ganinmu ya dace, in an san abin da za a duba.

Waya tana ɗaukar hoto mai kyau, ba mu musa ba. Amma ku tambayi kanku, ina hotunan baftismar bara? Wata wayar ta faɗa ruwa, wata an sace, wata kuwa an share kome domin ta cika. Akwai gidan da kaka za ta rasu, a nemi hoto guda na sawa a takardar jana'iza a rasa, alhali an ɗauke ta sau ɗari. Kyamara kuwa aiki ɗaya ta sani. Ba ta ƙara a tsakiyar sujada, ba ta kuma janye hankalin yaro zuwa inda bai kamata ba.

Abin ba sabo ba ne. A shekarar 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya haɗa ta farko. Nauyinta ya wuce kilo 3 da rabi, sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto guda a kaset. Waɗanda muke gani a gwanjo jikokinta ne.

To, mai sayarwa zai fara da kirarin megafiksel, wato yawan ɗigon da ke cikin hoto. Kada wannan ya ruɗe ku. Hoto mai inci 4 da 6, irin na albam, ɗan abin da ya haura megafiksel 2 ya ishe shi. Mai 6 ko 8 kuwa har a bango za a rataya.

Batir za ku fara tambaya, gama shi ne ran kyamara. Da yawa suna da batir na kansu wanda aka daina yi, in ya kumbura shi ke nan, kun sayi abin ado. Shi ya sa muka fi son masu cin batirin AA, irin na agogon bango. Canon PowerShot A590 ta 2008 guda biyu take ci. Sai dai ku nemi waɗanda ake caji, don masu arha ba su jimrewa, kafin amarya ta fito sun mutu. Ku leƙa ramin batirin kuma. In kun ga farin gari ko tsatsa, ku maida wa mai ita kayansa.

Sai kati. Tsofaffin Sony suna cin Memory Stick, Olympus da Fujifilm kuwa da yawa katin xD, dukansu sun yi wuyar samu. Mai cin katin SD ita ce lafiya. Ko a nan ma akwai tarko: yawancin waɗanda aka yi kafin 2006 ba su karɓar katin da ya wuce gigabait 2. Mutum ya sa babba, ta ƙi, ya ce ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. Kada kuma ku biya sai kun kunna, kun ga gilashin ya fito ya koma ba gardama, kun ɗauki farin bango kun duba ko da tabo.

In ta zo gida, ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabanta, sai a riƙa ajiye ta cikin jaka, a cire batir in za ta daɗe. Da dare ba ta da ƙarfi, saboda haka a fitar da jama'a waje bayan sujada, a tsai da su a inuwa inda ba mai runtse ido. Mai kyamara ya nemi izini kafin ya ɗauki dattawa, kada kuma ya haska wuta lokacin addu'a.

Abin da muka fi nacewa a kai shi ne wanke hoto. Kowane wata a zaɓi biyar ko goma a kai a wanke. A bayan kowanne a rubuta suna da wuri da shekara, da fensir, gama biro yakan huda takarda. Wannan aiki a ba yara, su zauna wurin kaka ta faɗi sunayen, su kuwa su rubuta.