A Tura Waƙa da Salsalarta

Nariya gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Kibiya, cikin ƙasar Rano, kudu da birnin Kano. Duk wanda ya zauna a irin waɗannan garuruwa ya san yadda samari kan yi bayan la'asar, musamman da kaka in an kawar da amfanin gona. Sai a taru a rumfar mai cajin waya ko a teburin mai shayi, kowa da wayarsa a hannu. Ba a jimawa wani zai tambayi ɗan'uwansa abin da yake saurare kwanan nan. Wannan ya kunna albam ɗin Nura M. Inuwa, wancan ya ce shi tun makon jiya Hamisu Breaker yake ji, wani kuma ya fiddo tsohuwar waƙar Shata da ya samo a wayar kawunsa. Kafin a watse kowa ya ce a tura masa, waƙoƙin su bi shi gida.

Mai wucewa zai ɗauka hira ce kawai ta kashe lokaci. Alhali kuwa a irin wannan zama ne ake yanke wa waƙar Hausa hukunci: wadda aka tura ta daɗa kwana, wadda aka goge don a sami wuri a memori ta kama hanyar ɓata. Abin da wannan maƙala take son ta nuna shi ne, musayar nan ta yawaita waƙa a hannun jama'a fiye da kowane zamani, amma tana tura ta ba salsala, watau ba sunan mai ita, ba lokacin da aka yi ta, ba dalilin yin ta. Wannan kuwa hasara ce da ta shafi ɗalibin Hausa kai tsaye.

Daga garmaho zuwa memori

Al'adar ba sabuwa ba ce. A zamanin garmaho, masu akwatin ba su wuce ɗaya ko biyu a gari ba, galibi attajiri ko ma'aikacin En'e, kuma faifan farko bai fi minti 3 ko 4 a kowane gefe ba. Mai son ji sai ya taka zuwa zauren mai akwati. Da rediyo ya bazu, bayan an buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sai shirye-shiryen zaɓi sonka suka ba mutumin ƙauye damar ya faɗa wa duniya waƙar da take ransa. Ya sayi kati, ya rubuta sunansa da na abokansa, mai gabatarwa ya karanta, sa'an nan ya ambaci makaɗin kafin ya sa faifan. Har ƙungiyoyi masu zaɓe suka kafa a garuruwa, suna zumunci da juna.

Kaset ne ya fitar da waƙa daga zauren attajiri ya kai ta gona. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma sai a shekarun 1970 ya cika kasuwannin ƙasar Hausa, lokacin da rakoda mai batir ta shiga hannun talaka. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafe kaset da rarraba shi, daga can 'yan tireda su kai shi kasuwannin ƙauye. Kaset na minti 60 ko 90 aronsa ake yi kamar yadda ake aron fartanya. Wanda ya ara ya san dole ya mayar. In zaren ya tsinke ya liƙe, in batir ya yi sanyi ya tariyo da biro. Abin lura a nan shi ne, kaset yana tafe da suna a bayansa, ko hoton makaɗi ne, ko rubutun hannu da boko ko da ajami. Daɗa kuma mai ba da aron yakan zauna a ji tare, yana bayani.

Wayar salula ta fara bazuwa a Nijeriya daga 2001, kuma ba a daɗe ba memori ya kori kaset da faifan CD baki ɗaya. Aka sami masu sana'ar tura waƙa daga kwamfuta, tun daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano har zuwa 'yan rumfunan ƙauye. Memori mai giga 8 yana iya ɗaukar waƙoƙi fiye da 1,000, abin da kaset 50 ba za su ɗauke ba. Daga nan sai Bluetooth da Xender da WhatsApp suka sa kowane saurayi ya zama mai turawa.

Yabon gwani ya zama dole. Yaro a Nariya yau yana iya jin Ibrahim Narambaɗa, wanda ya rasu tun kakannin yaron suna da ƙuruciya. Matan da suke cikin gida suna jin Barmani Choge ba sai an yi biki ba. Zaren kaset kuma ba ya jure zafi da ƙura da laima, saboda haka ba don waɗanda suka juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta ba, da waƙoƙi masu yawa sun bi kaset ɗin zuwa juji.

Abin da yake zubewa a hanya

Na farko, suna. Mai karatu ya karɓi wayar wani saurayi ya duba jerin waƙoƙinsa. Zai tarar da waɗansu an rubuta musu “tsohuwar waƙa”, waɗansu “gargajiya”, waɗansu kuwa lambobi ne zalla. Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru duk makaɗan kotso ne, duk kuma Hausar yamma suke yi, saboda haka a kunnen ɗan ƙasar Rano da bai saba ba, muryoyinsu suna iya shiga juna. Da zarar mai turawa ɗaya ya liƙa wa waƙar wannan sunan wancan, kuskuren zai bi waya ɗari kafin sati ya zagayo. Haka kuma idan aka rubuta “Bakandamiya” kurum, ba a gama magana ba, domin Shata yana da tasa, Narambaɗa ma yana da tasa. Ta Shata kuwa ba sau ɗaya ya rera ta ba, kuma ba iri ɗaya take fita kowane lokaci ba. Manazarcin da bai san wadda take hannunsa ba, a kan me zai kafa hujja?

Na biyu, dalili. Waƙar fada cike take da zambo da habaici, kuma makaɗi ba ya kama sunan wanda yake yi da shi. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu ne. Sa'idu Faru ya yi wa Muhammadu Maccido waƙa tun yana Sarkin Kudu, shekaru da yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Wanda bai san waɗannan ba zai ji daɗin kiɗa, amma rabin maganar ya wuce shi. A zamanin kaset, dattijon da yake gefe shi ne mai fassara: ya ce a tsayar, ya faɗi wane ɗan sarki ake nufi, da abin da ya haɗa shi da mai sarauta. Yau saurayi yakan toshe kunnuwansa da abin saurare, dattijo yana zaune kusa da shi da bayanin a cikinsa, ba wanda ya tambaye shi. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Waɗanda suka gan su da ido a fagen wasa, su ma kullum raguwa suke yi.

Na uku, jikin waƙar kansa. Masana sun nuna cewa waƙar baka tana da gindi, tana da ɗiya, kuma a cikin ɗiyan ne makaɗi yake zuba hikimarsa. To, abin da ya fi yawo yanzu shi ne guntun da aka yanko don TikTok ko don ƙarar kira, galibi gindin kaɗai. Waƙar minti 20 ta koma ta rabin minti. Mawaƙan zamani ma ba su tsira ba. Mawaƙi zai ɓata watanni yana tsara albam, ya jera waƙoƙinsa yadda wannan za ta share wa waccan hanya, sai a tsinci guda ɗaya da ta yi tashe a watsar da sauran. Saurayin da ya ce ya ji albam ɗin wane, in an bincika, sau da yawa waƙa ɗaya ya ji.

Wani zai ce, ai manomi ba ɗalibin jami'a ba ne, don nishaɗi yake jin waƙa, me ya haɗa shi da shekara da salsala? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ta raina mai sauraro. Bahaushe ya daɗe yana gardama a majalisa a kan wace waƙa ce ta riga wata, da wane ne aka yi wa ita, da irin kyautar da ya bayar. Sha'awar tana nan, na'urar ce ta daina ɗauko amsar. Sa'an nan akwai maganar haƙƙi. Mawaƙin yau ba ya samun abin kirki daga waƙar da ake turawa hannu da hannu. Abincinsa yana wajen gayyatar biki da talla da taron siyasa, waɗannan kuwa suna ne yake kawo su. Wanda ya tura waƙar ƙaramin mawaƙi ya cire sunansa, ya ci guminsa sau biyu ke nan. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi haƙƙin mai fasaha na a ambaci sunansa a kan aikinsa. Sai dai doka ba za ta zauna a rumfar mai caji ba. Al'ada ce kaɗai za ta iya zama a can.

Makaɗan gida

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi manyan makaɗa ne, su kuwa suna da gata. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, aka kuma buga littafin tarihinsa a 2006. Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara waƙoƙin makaɗa da dama ya rubuce su a diwani. In an ɓata sunan Shata a waya, akwai inda za a koma a gyara.

To, ina makaɗin gangar noma da yake zuga samari a gayya a Nariya ko Tarai ko Rurum? Ina mai kalangun mahauta, da matan da suke kiɗan ƙwarya a gidan suna? Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma fadar Autan Bawo tana da maroƙanta da kirarinta. Yawancin irin waɗannan mutane ba kamfanin da ya taɓa ɗaukar muryarsu. Abin da ya rage nasu shi ne wanda wani yaro ya naɗa a wayarsa ranar biki. Ran da wayar ta faɗa rijiya, ko aka sace ta, ko mai gyara ya wanke memorin, shi ke nan, kamar ba a yi ba. Su ne suka fi kowa bukatar a tura waƙarsu da suna, su ne kuma aka fi turawa ba suna.

Aikin da ya rage ga ɗalibai

Maganin ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Ɗalibin Hausa yana zuwa hutu gida, kuma da shi ake zama a majalisa. Abin da ya kamace shi shi ne, kowace waƙa ta shigo wayarsa ya nemi abu biyar: sunan makaɗi, wanda aka yi wa waƙar, wuri da shekarar da aka yi ta, abin kiɗan da aka yi amfani da shi, da kuma hannun da ta fito. Abin da ya tabbata ya rubuta shi a kan waƙar kafin ya tura wa wani, abin da bai tabbata ba ya bar gurbinsa, kada ya cike da zato. In ya sami dattijo masani, ya cire abin kunne ya sa waƙar a fili, ya naɗi bayanin tare da ita, da izinin mai bayanin. In ya ji labarin wani kwalin kaset a ƙarƙashin gado, ya nemi a ba shi aro ya juye, ya mayar wa mai shi.

Sassan Hausa na jami'o'i kuma suna da nasu rabo. Kundin digiri a kan Shata da Ɗanƙwairo ya yi yawa, har wani yana maimaita wani. Da malamai za su karɓi tsararren jerin waƙoƙin gunduma guda, da muryoyinsu da salsalarsu, a matsayin aikin kammala karatu, su kuma tanadi kwamfuta guda a sashe inda za a ajiye su, da cikin 'yan shekaru an tara abin da ba a taɓa tarawa ba.

Samarin Nariya ba za su daina tambayar juna abin da suke saurare ba, kuma bai kamata su daina ba, domin da wannan tambaya ce waƙar Hausa ta tsallako daga garmaho zuwa yau. Abin da ake nema kawai shi ne a ƙara mata ta biyu. In an ce “tura mini”, a kuma ce “ta wace ce, wa aka yi wa?” Tun ran gini, ran zane.