Wasiƙa Zuwa Ga Mai Shirin Sayen Kwale-kwalensa Na Farko

Daga Federal Low-Cost, Gombe.

Zuwa ga ƙannena matasan masunta da 'yan fito na Dadin Kowa da Hinna da Nafada da sauran garuruwan bakin Gongola.

Na san da yawanku kun gaji da aikin jirgin wani, ana raba kamun da kuka kwana a kansa da mai jirgin da ya kwana a ɗakinsa. Wani ya shiga adashi, wani ya sayar da tumaki, burin kowa ya ga nasa a bakin ruwa. Shawarata ɗaya ce, kuma a kanta zan tsaya: ku sayi jirgin da bai kai ƙarfin kuɗinku ba, ƙarami mai lafiyar katako, ku riƙe ragowar a hannu. Kuɗin da kuka miƙa wa mai sayarwa somin-taɓi ne. Akwai kuɗin motar da za ta ɗauko shi daga wurin kafinta zuwa bakin ruwa, akwai kwalta da ƙusa da igiya, ga filafili da gwangwala, ga koma ko mamari, ga gyaran da babu makawa zai taso kafin shekara ta zagayo. Wanda ya ƙarar da komai ranar ciniki, ɓarakar farko ce za ta zaunar da shi.

Idan tsohon jirgi za ku saya, kada ku yarda a yi ciniki yana kan ruwa. A jawo shi tudu, a kife shi, ku tafi da dattijon da ya san itace, in da hali wanda Sarkin Ruwa ya amince da shi. Ku bi gindin da bakin wuƙa, musamman mahaɗar katako da katako da kewayen kan ƙusa. Lafiyayyen itace ba ya karɓar wuƙa, ruɓaɓɓe kuwa sai ta shige kamar a cikin dafaffen rogo. Ku ƙwanƙwasa ku saurara, don inda ya ci daga ciki ƙararsa a dushe take fita. Ku ɗaga abin da aka shimfiɗa a ƙasa ku duba inda ruwa ke kwana, domin ruɓa tana farawa ne inda itace ke jiƙewa ya sha iska ya sake jiƙewa. Sabuwar kwalta mai sheƙi a jikin tsohon jirgi abin tambaya ce, haka facin kwano da aka jera kusa da juna. Ku tambayi irin itacen. Maɗaci da kawo suna jure ruwa shekaru, farin katako mai laushi kuwa arha ne yau, asara ne baɗi. Araha ba ta ado.

Wani zai ce, Yaya, ai babban jirgi ya fi kawo kuɗi, ranar kasuwa sahu ɗaya ya fi kamun kwana biyu. Gaskiya ne, idan jirgin lafiyayye ne kuma mai shi ba bashi a wuyansa. Amma babban jirgin da kuɗin mai farawa zai iya saya kusan kullum tsoho ne da wani ya gaji da gyaransa, kuma wanda bashi ya matsa shi ne ke ƙara mutum biyar a kan ƙa'ida. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya nufi Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya tarwatse a kogin Neja da ɗimbin 'yan kasuwa. A ƙarshen Nuwamban shekarar wani ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai a jihar Kano, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Duka biyun an danganta su da lodi fiye da kima. Allah Ya jiƙansu. Ruwan Dadin Kowa ba na wasa ba ne: tun da aka kammala dam ɗin a 1984, kogin da kakanninku suka sani ya zama tafki mai faɗi, iskar hadarin farkon damina tana tayar da igiyar ruwa cikin ƙanƙanin lokaci, ga kututturan da ruwa ya rufe, ga dorina a wasu wurare. Jirgin da bakinsa ya kusa taɓa ruwa ba shi da abin da zai tare ko ɗaya daga ciki.

Batun inji ma haka. Ban ce ba shi da amfani ba, amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 lissafinsa ya canza. Tsohon Yamaha na hannu yana iya cin kuɗin da ya fi na jirgin, yana son fetur da baƙin mai a gauraye daidai gwargwado, kuma da ruwan kogi yake sanyaya kansa, idan ya zuƙi yashi a ruwan rani sai ya yi zafi ya kama. Ku fara da filafili a ruwan da kuka sani, inji ya zo daga ribar tarwaɗa da karfasa.

Abin da ba zan yarda ku jinkirta ba shi ne rigar kariya. Na san amsar: mu 'yan ruwa ne, mun iya iyo. Fasinjanku bai iya ba, kuma gwanin iyo ma idan koma ta naɗe masa ƙafa ko mai nutsewa ya rungume shi, gwanintar ba ta aiki. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja ta wajabta sanya ta, ta kuma hana tafiyar dare. Ku sa kuɗin rigar cikin kuɗin jirgi tun farko.

Saura adanawa. Katako yana kumbura da ruwa, yana ƙanƙancewa da bushewa, shi ya sa jirgin da aka yasar a rana lokacin hunturu mahaɗarsa ke buɗewa. Ko dai ya zauna a ruwa, ana kwashe na cikinsa kowace safiya, ko a kife shi a inuwa bisa duwatsu, kada ya kwanta a laka. Kafin ruwan Agusta ya cika ku fito da shi, ku kankare tsohuwar kwalta, ku canza ƙusar da ta yi tsatsa, ku cusa mahaɗa, ku shafa sabuwa, sannan ku bar shi ya jiƙa kwana ɗaya ko biyu kafin ku ɗora masa kaya.

Ku gaida iyaye da dattawan bakin ruwa. Wassalam.