A bar wa akwatin cikewa kamanninsa

Duk wanda ya taɓa cike takarda a biro ya san ƴan akwatunan nan, na suna da na ranar haihuwa. Yau da yawa daga cikinsu sun koma cikin salula. Mai sayar da albasar Galmi, direban da ke lodin siminti a Malbaza, mushen lakwal a Illela, kowa da babban yatsa yake cikewa.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, manhajar da ake shiga intanet da ita, Chrome ko Firefox, da nata akwatunan take zuwa. A ƙarƙashin tsarin HTML5, wanda aka tabbatar a shekarar 2014, in mai ƙera shafi ya ce wannan gurbin lambar tarho ne, salula da kanta za ta fito da lambobi. In na kwanan wata ne, ta buɗe kalanda. Duk wannan yana cikin salular tun farko, ba ya cin ko dala.

To amma matasanmu masu wannan sana'a akwai son kwalliya. Da zarar an sauya gefen maɓalli ko launin bayansa, sai manhaja ta janye nata kamannin, ta bar wa mai gyara ɗawainiya duka. Wasu har rushe akwatin zaɓi suke yi, su gina nasu. A kan ordinatar cikin biro mai sanyi a Yamai, abin gwanin ban sha'awa. Ɗan kasuwa kuwa a tashar Birnin Konni, rana na dukan gilashin salula, rezo na zuwa yana ɗaukewa, sai ya danna ya ga shiru, mota na jiransa.

Ba mu ce a bar shafi ba ado ba. Tun 2021 Chrome da Firefox suna karɓar wani umurni, accent-color, layi guda tak, mai rina akwatin sa alama da launin da aka so, ko da tsanwan tutarmu ne, ba tare da an taɓa aikinsa ba. A ƙara girman rubutu ya kai ma'auni 16, domin ƙasa da haka iPhone kan kumbura shafin ya goce. Zoben nan kuma da ke kewaye gurbin da ake rubutu, a ƙyale shi: sakataren da ke shigar da sunayen ma'aikata tun safe, da shi yake gane inda ya tsaya.