Robar kafireta: kafin ki zuba kuɗi a tsohon babur

Yau filin namu ya bar madafa ya fito zaure, inda a gidaje da yawa akwai tsohon babur jingine da bango, na marigayi baba ko wanda maigida ya yi samartaka a kai. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, irin waɗannan babura sun fara fitowa daga ƙura, domin Honda CG125 da aka fara ƙerawa a 1975 da ƙaramar Super Cub ta 1958 ba su da cin mai. Yaro zai zo ya ce: “Mama, kuɗi kaɗan zan tayar da shi in riƙa kai ƙannena makaranta.” Sau da yawa kuɗin daga adashinki zai fito, kuma 'ya'yanki ne za su hau, don haka ya kamata ki san inda gizo ke saƙar.

Tsakanin kafireta da injin akwai wani ɗan gajeren wuya, a wasu baburan roba zalla, a wasu ƙarfe da aka lulluɓe da roba. Akwai kuma wata robar a baya da ke haɗa kafireta da akwatin matatar iska. Aikin kafireta shi ne ta gauraya iska da fetur daidai gwargwado, kusan kashi 15 na iska a kan kashi 1 na fetur idan aka auna da nauyi. Shekaru da zafin injin da rana da shi kansa fetur suna tsotse sinadarin da ke sa roba laushi, sai ta ƙanƙance ta yi tauri kamar busasshiyar ganda, daga nan ta tsage.

Idan ta gaba ta tsage, iska na shiga injin ta ɓarauniyar hanya, man ya yi kaɗan. Babur ya ƙi tashi sai an ja cok, silo ya ƙi zama, salansa ta riƙa harbi, injin ya ɗau zafi fiye da kima. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a saki totur amma injin ya ci gaba da kuka sama na ɗan lokaci, ga yara biyu a baya, ga mahaɗar titi a gaba. Idan kuma ta baya ce, ƙurar hunturu ke wucewa ba tare da an tace ta ba, ta riƙa cin ringi da silinda a hankali har a wayi gari ana maganar sauke injin.

Masu gyaran tsofaffin babura a Amurka da Turai, waɗanda sau da yawa ba sa samun sabuwar roba domin kamfani ya daina yi, suna da dabarar tausasa ta. Suna jiƙa ta a man wintagirin da aka sirka da sifirit, ta kwana ɗaya ko fiye. Robar takan kumbura ta yi laushi, sai a ajiye ta wasu kwanaki ta koma girmanta. Dabarar tana aiki, amma ga robar da ta yi tauri kawai. Ba ta ɗinke tsaga, hasali ma tana iya buɗe wadda ta ɓoye. Ruwan zafi ma yana tausasa ta, sai dai na 'yan mintuna ne, daidai a samu a cusa kafireta a mazauninta.

A nan nake so ki natsu, domin yaran yanzu suna ganin komai a waya su gwada. Man wintagirin ɗin nan sinadarinsa ne ke ba wasu man zafi ƙamshinsu, kuma zallarsa guba ne. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya daidai yake da ƙwayar asfirin ta manya wajen 20, ya isa ya kashe ƙaramin yaro, ga shi da ƙamshi kamar alewa. Ni dai ban ga dalilin shigo da shi gidan da ke da mai rarrafe ba saboda robar da za a iya saye. Idan dole ne, a yi a gareji, a rufe gwangwanin, nesa da wuta.

Mu a nan abin ya zo mana da sauƙi, domin akwai baburan China masu yawa da aka ƙera a kan samfurin CG125 da Cub, kuma sau da yawa robarsu takan shiga. Ki sa a cire tsohuwar a tafi da ita kasuwa a gwada faɗin baki da tazarar ramukan noti. A matsa sabuwar da yatsa: ta lotsa ta dawo. Ta hannu da aka ciro daga wani mataccen babur tsarar taki ce, ba ta da wani amfani. A haɗa da sabon kilif da robar zobe ko gasket idan samfurin na da su.

Kar ki yarda da ɗaurin salatif ko gam mai kamawa nan take, zafi da girgiza za su ɓamɓare su. Haka shafa man birki, yana lalata irin wannan robar.

Kafin a biya kuɗin wanke kafireta karo na biyu, ki ce wa ɗanki ya sa bakanike ya cire robar ya lanƙwasa ta a gaban idonsa cikin haske, domin tsagar takan ɓuya a ƙasa ko ƙarƙashin kilif. Bayan an ɗaura sabuwa kuma a sake saita silo, tunda tsohon saitin an yi shi ne a kan injin da ke shan iska ta gefe. Ranar farko shi kaɗai zai zagaya unguwa, ya saki totur sau da yawa ya ji injin na sauka nan take, sannan a ɗora masa ƙanne.