Sharhi: Benjamin Rush, Likita a Zauren Majalisa

Sharhinmu na yau zai waiwayi rayuwar Benjamin Rush, likitan da yake cikin waɗanda suka rattaba hannu a takardar shelar 'yancin kan Amurka a 1776.

An haife shi kusa da birnin Filadelfiya a 1746, ya kammala karatun likitanci a Edinbara a 1768. Da ya komo gida, talakawa ne suka fara cika ƙofarsa. A 1773 ya wallafa ƙasidar sukar bautar da mutane, ko da yake shi kansa ya taɓa mallakar bawa. Yankin Pensilvaniya ya tura shi majalisar da ta jagoranci ballewa daga Ingila, daga can ya koma kula da sojoji a fagen daga. A 1786 yana cikin waɗanda suka buɗe ɗakin shan magani kyauta domin marasa galihu.

Babbar jarrabawarsa ta zo a 1793, lokacin da zazzaɓin shawara ya afka wa Filadelfiya, wadda ita ce fadar gwamnati a wancan zamani. Mutum kusan 5,000 suka mutu a garin da bai wuce mutum 50,000 ba. Manya suka tsere, Rush ya ƙi gusawa, har cutar ta kwantar da shi. Sai dai maganinsa shi ne zubar wa majiyyaci jini mai yawa, fiye da abin da wanzami zai fitar da ƙaho, da ɗura masa maganin gudawa mai sinadarin makuri. Wannan ya ƙara galabaitar da mutane. Ya kuma yi zaton baƙar fata ba sa kamuwa, don haka suka fito jinya ƙarƙashin jagororinsu Absalom Jones da Richard Allen, cutar ta ci da yawa daga cikinsu. Da ɗan jarida William Cobbett ya caccaki hanyar tasa, Rush ya maka shi a kotu, ya kuma yi nasara. Sai a 1900 aka tabbatar cewa sauro ne ke yaɗa cutar. Rush ya rasu a 1813.

Ba mai musun jaruntakarsa da tausayinsa. Abin da ya gaza shi ne sauraron wanda ya ce masa ya yi kuskure. Duk wanda aka damƙa wa amanar lafiyar jama'a, a asibiti ne ko a majalisa, kyakkyawar niyya ba ta isar masa. Dole ya riƙa auna sakamakon aikinsa, ya kuma karɓi gyara.