Shekara Ɗari da Saukar Jirgi a Kano, Babu Zauren da Zai Ba da Labari

A watan Nuwamban 1925 ne jiragen sama uku na sojan Birtaniya, waɗanda suka taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano. Shekara ɗari ke nan, amma har yau babu wani gidan tarihin jiragen sama a birnin da uba zai kama hannun ɗansa ya kai shi. Wannan sakaci ne, kuma yaran karkara ne suka fi kwana a ciki.

A dubi yaron Maradun, ko Bakura, ko Talata Mafara. Jirgi biyu ya sani: na alhazai, wanda labarinsa kawai yake ji, da na yaƙi, wanda ke ƙugi a kan dajin garinsu. A watan Maris na 2021 ma gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Zamfara saboda matsalar tsaro. Yaron da ya saba neman maɓoya idan ya ji ƙarar jirgi, yaushe zai yi tunanin tuƙa shi, balle gyara injinsa?

Kayan da za a nuna masa kuwa suna nan jibge. Akwai tarihin filin jirgin Kano, mafi daɗewa a ƙasar. Akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Akwai kamfanin Nigeria Airways, daga tashinsa a 1958 zuwa rushewarsa a 2003. Akwai kuma ranar 22 ga Janairun 1973, lokacin da jirgin alhazai ya faɗi a Kano, mutum 176 suka rasu. Jikokinsu sun cancanci wurin da za su tsaya su yi musu addu'a.

Masu mulki za su ce ana fama da yunwa da 'yan bindiga, ina maganar gidan tarihi? Hujjar ba ta da ƙarfi. Umuahia ta adana jiragen yaƙin basasa a gidan tarihinta, kuma ɗalibai na zuwa kallo. A Washington, jirgin 'yan'uwan Wright na 1903 yana ajiye, shiga kuma kyauta ne. Abin da Kano ke buƙata bai wuce rumfa ɗaya ba, da tsohon jirgi, da hotuna, da muryoyin tsofaffin matuƙa da makanikai, kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Nauyin yana kan gwamnatin Kano, da hukumar filayen jiragen sama, da kwalejin Zariya. Na Zamfara kuma shi ne ta ɗebi 'yan firamare a mota ta kai su, su shafa fiffiken jirgi da hannunsu, su zauna a kujerar matuƙi. Gani ya kori ji.